Mutumin da Ya Zaɓi Doguwar Waifa

Akwai wani mutum a wani gari da ke gindin duwatsu, sunansa Habila, manomin dankali da masara. Yana da wata tsohuwar mota koriya wadda ta daɗe a hannunsa. Da ita yake kai amfanin gona kasuwa, da ita kuma yake kwasar iyalinsa zuwa sujada ran Lahadi. Shi mutum ne mai son sanin yadda kowane abu yake. In agogo ya tsaya, sai ya buɗe bayansa ya leƙa. In ya ga tururuwa sun ja layi, sai ya bi su har ya ga raminsu. Matarsa Afiniki takan ce masa, "Baban Lois, kai ko tuwo aka ajiye maka, sai ka tambayi yadda aka yi ya yi tauri kafin ka sa hannu." Shi kuwa sai ya yi dariya ya ce ai matambayi ba ya ɓata.

Habila yana da wa guda ɗaya, Istifanus, wanda ya zauna a ƙauyensu na asali. Bayan rasuwar mahaifinsu suka yi saɓani a kan wata ɗorawa da ke tsaye a iyakar gonakinsu. Wannan ya ce tasa ce, wancan ya ce tasa ce. Magana ta yi zafi, kowa ya faɗi abin da bai kamata ba, daga ranar kuwa aka yi shekara bakwai ba wanda ya taka ƙofar gidan ɗan'uwansa. Duk yawan tambayar Habila, wannan magana kaɗai ce bai taɓa bin diddiginta ba.

Ana nan, rani ya wuce, bazara ta yi zafinta. Ran wata Litinin yana dawowa daga gona sai hadari ya haɗu, ruwan farko na shekara ya sauko. Ya kunna waifa, wato sandunan nan biyu masu bakin roba da ke share ruwa a gilashin gaban mota. Suka tashi, suna kai da kawowa, suna ƙara kamar ƙofar da ba a sa wa mai ba, amma duk inda suka bi sai su bar zane-zanen ruwa da datti. Da ƙyar ya lallaɓa ya iso gida.

Da ruwa ya ɗauke, ya fito ya ɗaga waifa ɗaya ya duba. Ga robar ta tsattsage kamar faso a diddige. Ya shafa ta, ta bar masa baƙi a yatsa. Ya tsaya yana mamaki.

Ya ce wa matarsa, "Wata shida ban taɓa kunna su ba. Abin da ba a mora ba, me ya cinye shi?"

Ta ce, "Ni ina na sani? Ka tambayi masu sayar da su."

Ran Laraba sai ga wani mutumin ƙauyensu da ya zo cin kasuwa, ya biyo da saƙo. Ya ce, "Yayanka ya aiko ni. Ya ce ran Asabar da rana tsaka zai tsaya a mararraba, gindin mangwaron nan. In ka zo ka ɗauke shi, ku zo gidanka ku yi magana. In ba ka zo ba, ya gane."

Manzon ya tafi. Istifanus ba ya riƙe waya, balle a kira shi a ji muryarsa a san da wace zuciya zai zo. Afiniki ta ce, "Za ka je?" Ya ce, "Zan je." Gaskiya ya faɗa, gama ya yi marmarin ɗan'uwansa fiye da yadda yake nunawa. Amma akwai wani abu kuma a ƙasan zuciyarsa. Yana so yayansa ya ga cewa shekarun nan bakwai ba su rage shi da kome ba. Ya wanke motar ciki da waje, ya goge tayoyi, ran Jumma'a kuma ya nufi kasuwa neman sabuwar waifa.

A layin masu kayan mota akwai wani dattijo da ake kira Baba Tanko, wanda ya yi kanikanci tun yana saurayi, da ƙarfi ya ragu ya koma zaman shago. Habila ya gaishe shi, ya faɗi abin da ya kawo shi.

Baba Tanko ya ce, "Ina tsofaffin?"

"Suna jikin mota, Baba."

"To, mu je mu gaishe su tukuna."

Dattijon ya ɗauki wata 'yar igiya, ya auna waifar da ke gefen direba, ya yi ƙulli. Ya auna ta ɗaya gefen, ya sake yin ƙulli. Habila ya ga ƙullin nan biyu ba wuri ɗaya suke ba, tsakaninsu ya kai faɗin tafin hannu.

Ya ce, "Ashe ba tsawonsu ɗaya ba? Shekara goma sha biyu suna wucewa a gaban idona ban taɓa lura ba. Me ya sa aka yi su haka?"

Baba Tanko ya ce, "Wanda ya ƙera motar ya auna gilashin, ya ba kowace rabonta. Ta gefen direba doguwa ce, domin gonarta ta fi faɗi. Ɗayar gajeriya ce, domin ta yi nata aikin ba tare da ta shiga hanyar 'yar'uwarta ba."

"To, me ya cinye robar, alhali duk rani ban kunna su ba?"

"Ranin ne ya cinye ta. Mutane suna zaton ruwa ke kashe waifa. Ruwa ba ya kashe ta, ɗana, tona mata asiri kawai yake yi. Rana ce ke gasa ta tana kwance, kullum kaɗan-kaɗan, ba mai dubawa."

Habila ya ji daɗin wannan amsa ƙwarai. Ya ci gaba da tambaya: yaya ake gane roba mai kyau? Dattijon ya ɗauko wata, ya lanƙwasa ta, ya nuna masa yadda take komawa daidai, ya sa shi ya bi bakinta da yatsa ya ji laushinta, ba gargada ko kaɗan. Ya nuna masa 'yar ƙugiyar da ke riƙe waifa a hannunta na ƙarfe, ya ce kowace mota da irin tata, wadda ba ta shiga da daɗi ba kada a tilasta mata. Sa'an nan ya shiga ciki ya fito da guda biyu a wani kwali da ya sha hannu, baƙaƙe, ba ado ko ɗaya, ɗaya doguwa, ɗaya gajeriya. Ya ce, "Waɗannan ne na motarka."

Habila ya juya su a hannu. Ba abin da zai ɗauki ido a jikinsu. Da ya ɗaga kai sai ya hango wata rumfa a tsallake, an rataye waɗansu waifa dogaye masu ƙarfe yana walƙiya, da jan zane a gadon bayansu. Ya tuna da yayansa tsaye a gindin mangwaro, yana kallon motar tana tahowa.

Ya ce, "Baba, bari in ɗan zaga in dawo."

Dattijon ya dube shi, ya dubi rumfar tsallake, ya ce, "Zaga, ɗana. Amma tafi da awonka." Ya miƙa masa igiyar. Habila ya cusa ta a aljihu.

Mai rumfar tsallake mutum ne mai zaƙin baki. Ya ce, "Maigida, mota irin taka ai sai manya. Ka sa dogaye biyu, ka ga yadda za ta koma yarinya." Habila ya ce an ba shi awo. Mutumin ya ce, "Awo na me? Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Kai da kanka ka faɗa mini, da doguwar tsintsiya da gajeriya, wacce ta fi share wuri?" Habila ya auna maganar a ransa ya ga kamar tana da kai. Igiya kuwa ba ta fito daga aljihu ba.

Ƙugiyar ta ƙi shiga, sai da mutumin ya sa filaya ya ɗan murɗa ta. Da aka kunna don gwaji, bakin ɗaya ya taɓa bakin ɗayar, suka yi ƙas. Mai rumfa ya ce, "Sabbi ne, za su saba da juna." Habila, wanda ba ya barin kome ya wuce shi ba tambaya, a nan bai tambayi kome ba. Ya shiga mota ya fita ta bayan kasuwa, don kada ya bi ta gaban shagon Baba Tanko.

Ran Asabar suka kama hanya shi da Afiniki. Sararin sama ya yi baƙi tun kafin su bar gari. Yayyafi ya fara, ya kunna waifa, suna tafiya suna taɓa juna, ƙas, ƙas, amma ana ɗan gani. Can ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Ya ƙara musu sauri. Sau uku suka kai suka kawo, a na huɗu suka sarƙe da juna a tsakiyar gilashi, suka tsaya cik.

Duniya ta ɓace masa. Ba ya ganin kome sai farin ruwa da inuwoyi. Ga kwata mai zurfi a gefen titi, ga wata babbar mota a bayansa tana danna masa ham, ba wurin tsayawa. Ya rage gudu, ya kafa fuskarsa kusa da gilashi, yana bin gefen kwalta da ƙyar. Afiniki tana addu'a ƙasa-ƙasa. Ya ga inuwar itace ta wuce, ya ga kamar wani abu ya motsa a gefen hanya, bai san ko mutum ba ne ko reshe. Haka ya yi ta rarrafe, sai da ya ji ƙarar gada a ƙarƙashin tayoyinsa ya gane ya wuce wurin, gama gadar tana gaba da mararraba da nisa.

Kafin ya sami wurin juyawa, ya raba waifar da hannu, ruwa ya ɗan lafa su komo, lokaci ya tafi. Ba kowa a gindin mangwaro sai wata mata mai gasa masara a 'yar rumfarta. Ya tambaye ta ko ta ga wani dattijo.

Ta ce, "Mai sanda da baƙar hula? Tun hantsi yake nan. Na ce ya shigo rumfa, ya ƙi, wai kada a zo a rasa shi. Da wata koriyar mota ta taho a hankali, ya fito har bakin titi ya ɗaga sandarsa. Direban ya kafa masa ido ta gilashi, ya wuce abinsa. Sai ya sauke hannu ya ce, 'To, na ji amsa.' Motar ƙauye tana zuwa ya shiga." Ta leƙa bayan Habila, ta ce, "Ai wannan ce motar."

Istifanus ya san motar nan sarai, da ita aka kai mahaifinsu asibiti a ciwonsa na ƙarshe. Habila ya juya wajen motar. Ya ce wa matarsa, "Shiga mu bi shi."

Ta ce, "Da wane ido, Baban Lois? Dubi gabas, wani hadarin ke tahowa. Sau biyu kake so ka wuce shi?"

Ba abin da ya fi masa nauyi a ranar kamar tsayawa a ƙofar shagon Baba Tanko da jajayen waifa a gilashinsa. Dattijon ya fito, ya dube su, bai ce na gaya maka ba. Ya ce kawai, "Igiyar tana nan?" Habila ya zaro ta daga aljihu, a jiƙe. Baba Tanko ya cire dogayen, ya miƙar da ƙugiyar da aka murɗa, sa'an nan ya ɗebo ruwa da sabulu ya shiga wanke gilashi a hankali.

Habila ya ce, "Baba, sauri nake yi. Ɗan'uwana yana kan hanya."

"Na ji. Amma yashin da ke manne a nan, in na bar shi, shi zai yanka sabuwar robar kafin ka kai. Ka ba ni kaɗan."

Da ya goge gilashin, sai wani siririn zane ya bayyana, inda ƙarfen doguwar waifa ya karta sa'ad da suka sarƙe. Habila ya tambaya ko zai fita. Dattijon ya ce, "Wannan kam ya zauna. Amma ba zai hana ka ganin hanya ba." Ya sa baƙaƙen nan biyu, kowace a gefenta, suka shiga da ɗan ƙas ɗaya ba gardama.

Suna barin gari ruwa ya sake saukowa. Wannan karo duk sharar da waifa ta yi sai hanya ta fito tas, da ramukanta, da awakin da suka fake a gefe. Motar ƙauye a ƙarshen kwalta take sauke mutane, daga nan sai tafiyar ƙafa ta sa'a guda. Sun shiga hanyar ƙasa ke nan Afiniki ta nuna ta gefenta, ta ce, "Ga shi can." Ga wani dattijo yana tafe a bakin gona, yana dogara sanda, riga ta manne masa a baya. Da ya ji ƙarar mota bai waiwaya ba, ya dai ratse gefe.

Habila ya tsaya, ya fito cikin ruwa, ya durƙusa a taɓo a gabansa. Ya ce, "Yaya, ban gan ka ba."

Istifanus ya ce, "Ka dube ni, Habila. Ina tsaye ina kallon fuskarka."

"Na dubi wajen da kake, amma ban gan ka ba." Ya koma mota ya ɗauko dogayen waifar nan, ɗaya ta lanƙwashe, ya miƙa masa. Ya faɗa masa dukan abin da ya faru, bai ɓoye ko dalilin da ya sa ya zaɓe su ba.

Istifanus ya juya su a hannu, ya daɗe yana kallon jan zanen. Ya ce, "Don in gani ka saya?"

"Don ka gani, Yaya."

"Ni kai na zo gani." Sa'an nan ya ce, "Tashi, ruwa yana dukanmu. Gida ya fi kusa."

Afiniki ta koma baya, ta bar masa kujerar gaba. Suka yi tafiya mai ɗan nisa. Can Istifanus ya ce, "Lois fa? Rabona da ita tana famfarar haƙori." Afiniki ta ce yarinyar ta kusa gama ƙaramar sakandare. Dattijon ya kau da kai wajen taga, ya goge fuskarsa da hula. Maganar ɗorawa ba ta ƙare a ranar ba, sai da aka yi zama uku da dattawan ƙauye. Amma duk zaman nan uku, a tabarma ɗaya 'yan'uwan suka zauna.

To, 'yan'uwa, ga ma'anar wannan misali.

Gilashin nan zuciyar mutum ce, ta cikinta yake duban Allah da maƙwabcinsa. Ruwan sama kuwa ranar gwaji ce, wadda ba ta sallama kafin ta zo. Waifa ita ce abin da Ubangiji ya ba mu na share zuciya: Maganarsa, da addu'a, da tuba, da gargaɗin masu faɗa mana gaskiya. Ku lura da lokacin da robar ta mutu. A rani ne, sa'ad da sama take garau. Yawancinmu ba a ranar wahala bangaskiyarmu take lalacewa ba. A kwanakin lafiya da ƙoshi take bushewa, muna cewa ai tana nan, ba mu duba ta. Mutum yana iya zuwa sujada kowace Lahadi, yana tashi yana zama tare da jama'a, muryarsa ta fi ta kowa a waƙa, amma ya fita da zuciyarsa yadda ya shigo da ita.

Wani zai ce laifin Habila rashin sani ne. A'a, ya sani. Ya yi tambayoyi masu kyau, an ba shi amsa ta gaskiya, awon ma yana cikin aljihunsa. Abin da ya yi shi ne ya tsallaka titi ya nemi bakin da zai faɗa masa abin da ransa ke so. Tambaya abu ne mai kyau, ina so ku riƙa yin ta a wannan aji da ko'ina. Amma ku bincika kanku: in amsa ta zo ba ado a jikinta, ta kuma taɓa girman kanku, kuna karɓa, ko kuna cewa bari in zaga in dawo? Wanda ya halicce ka ya san awonka. Abin da ya ba ka ya ishe ka ganin hanya, ko da bai ɗauki idon kowa ba.

Kada kuma mu manta da Istifanus. Shi ma ya yi kuskure. Ya ga fuska a bayan gilashi, ya yanke hukunci, ya tafi da baƙin ciki a kan abin da bai faru ba. Sau nawa muke cewa wane ya gan ni ya kau da kai, alhali shi bawan Allah yana fama da nasa hadarin, bai ma san mun tsaya ba?

Zunubin da aka tuba daga gare shi Allah yana gafartawa sarai, ko da ya bar tabo a rayuwa, tabon kuwa ba ya hana mutum bin hanya. Abin tsoro shi ne jinkiri, gama ba kullum ake tarar da wanda aka wuce yana tafe a bakin hanya ba. Waɗansu kafin a juyo sun riga sun tafi inda mota ba ta zuwa.

Saboda haka kowa ya yi shiru kaɗan yanzu. Na san da nake magana, sunan wani ya faɗo maka a rai. Wataƙila 'yar'uwarka ce, wataƙila maƙwabci, wataƙila yana zaune a benci na uku daga inda kake. Ka roƙi Ubangiji ya wanke maka ido ka gan shi yadda shi yake ganinsa. In an tashi, kada ka ce sai wani mako. Zumunta a ƙafa take, yau kuma Lahadi ce, ba mai zuwa gona.